Talatin da Bakwai Cikin Ɗari

Daren Talata, hawa na huɗu, unguwar Zaspa,
na ce mata kwanta, ta ce in dakata:
ana sabuntawa, kada a kashe.
To. Na wanke kofi, na ja labule.

Da safe ƙanƙara ta rufe layin jirgi,
ita kuwa tana inda na bar ta,
talatin da bakwai cikin ɗari,
ɗigo biyar suna bin juna a da'ira
kamar 'yan tsakin da suka rasa uwa.

Shekara talatin ina tuƙa ƙugiya a maƙerar jiragen ruwa,
na ɗaga ƙarfen da ya fi benen nan nauyi,
na dire shi, ko ƙwai ba zai fashe ba.
Yau akwati mai faɗin faranti ya sa ni tagumi.

Na danne maɓalli har ta yi tsit. Na kunna.
Allo ya yi shuɗi, ya jero lambobi.
A cikinta akwai lissafin kuɗin ɗumama gidaje goma sha biyu,
da hoton jikata ran da ta yi giɓi,
da muryar Ludwik, minti huɗu,
yana faɗa da rediyo a kan ƙwallo.

Jagoda ta hawan ƙasa ta zo da silifa,
filashi a aljihu, cingam a baki.
"Ba ke kika ɓata ba, Pani Bożena.
Su suka aiko gyara, gyaran ya zo da ciwo.
Rabin Gdańsk haka suka wayi gari."
Garin neman gira, na ce, an rasa ido.

Sau uku ta kashe, sau uku ta kunna,
sai ga wata ƙofa da ban san da ita ba:
a koma yadda ake kafin Talata.
Amma sai da kalmar sirri,
wadda Ludwik ya sa, bai gaya wa kowa ba,
ya tafi da abarsa ƙasa shekara uku ke nan.

Daga ƙarƙashi, ɗan rubutu don tuni:
"Inda ta yar mini da lema."

Dariya ta zaunar da ni.
Shi ya yar!
Iska ta fizge ta daga hannunsa a gadar katakon Sopot,
ya tsaya baki sake tana tafiya Suwidin,
ya shekara arba'in da ɗaya yana cewa ni ce.

Na rubuta da yatsa ɗaya. Ta karɓa.

Kafin shayi ya huce komai ya dawo mazauninsa.
Jagoda ta kwafe kayana a filashi,
ta ce in ɓoye tare da fasfo.
Na sallame ta da rabin kek ɗin tuffa.

Da yamma saƙo ya sake leƙowa: sabuntawa na jira.
Na zaɓi bayan mako guda.
Wasu su fara auna zurfin ruwan.
Na kunna Ludwik.
Har yanzu bai yafe wa alƙalin wasa ba.