Takardar Gwarzo

Da takarda ya zo, daga Kwatano,
cikin kwando, a bayan motar Sha'aibu.
Sunan ubansa, na kakansa, na kakan kakansa,
a jere, da jan hatimi,
abin da ni ɗan Adam ban taɓa samu ba.
Jikka ɗari da hamsin na ƙirga a tasha,
yatsuna na rawa.

Na sa masa Gwarzo.
Kunne a tsaye, baya a gangare kamar dutsen Birni.
Yaran Garin Malam har katanga suke hawa su gan shi.
Ruwan da na saya wurin ɗan garuwa
shi ake fara ɗibar wa.

Na samo masa karya, ta zuba shida,
na sayar da biyar, na riƙe Ƙyalli.
Masu sani suka ce: kada jini ya gauraya,
mayar da 'yar ga uban,
takarda ta ƙara nauyi, kuɗi ya tashi.
Na mayar.
Sau uku na mayar.

A damina ta huɗu ya fara tunani kafin ya miƙe.
In ya yi gudu, ƙafafun baya a haɗe
kamar zomo.
Na ce ƙaya ce. Na ce sanyi ne. Na ce bakin mutane.

Likita Rakiya ta durƙusa a tsakar gida,
ta kama cinyar, ta juya a hankali,
na ji ƙas, a cikin haƙorina.
Ta zana mini a bayan kwali:
ga turmi, ga taɓarya.
Turmin bai yi zurfi ba, in ji ta,
kullum taɓarya na zamewa tana cin baki.
Ba faɗuwa ba ce, ba sammu ba.
Da shi aka haife shi,
kuma ya raba wa 'ya'yansa.
Nawa ka sayar?

Ban ba ta amsa ba. Waya ce ta ba ta.
Mai gadin kantin magani a Sabon Gari:
nawa wata takwas, yana jan gindi.
Wani malamin makaranta a Tanut:
namu na faɗuwa yana kumfa,
'yata ta daina cin abinci.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
Ba wanda ya gaya mini
in uba zai yi rarrafe, ɗa ma sai ya yi,
ko da hatimi goma.

Na tuna Tabawa, kakata, a Mirriya,
tana zaɓen iri bayan girbi.
Zangarniya komai tsawonta,
in ta ga burtuntuna, sai ta wurga gefe.
Ba ta iya karatu ba.

Ran Alhamis Alhaji Barmo ya zo da kuɗi a ambulan,
yana son biyu daga cikin na ƙarshe.
Na nuna masa kwalin, turmi da taɓarya.
Ya yi dariya: ni takarda nake saye.
Na ce takardar ba ta tafiya da ƙafa.
Ya tafi da ambulan ɗinsa, bai yi sallama ba.
Kuɗin makarantar Tsahiru ke nan ya fita ƙofa.

An yi wa Ƙyalli aiki, ba za ta sake ɗauka ba.
Ƙananan huɗu suna nan, ina kallon tafiyarsu
kamar mai duban wata.

Bayan mahauta, a kasuwar Dole,
akwai wani jan kare marar suna,
kunne guda a yage, ya kai shekara goma,
yana tsallake kwata ba ya ko dubawa.

Da la'asar nakan ratsa tsohon zane ƙarƙashin cikin Gwarzo,
in ɗauke masa rabin nauyinsa,
mu je bakin ƙofa mu dawo.
Yana kaɗa wutsiya. Bai san ni ba ne.

Takardar na cikin akwati.
A bayanta na rubuta da biro, ƙarƙashin kakanni:
ƙugu.
Na sa kwanan wata, na sa sunana.