Mai Riƙon Makullai

Ni ce Fortunata Huanca.
Shekara ashirin da shida ina sharar benen shugaban jami'a
a nan Potosi, inda iska ba ta cika huhu,
inda dutsen azurfa ke leƙen mu ta taga
kamar tsohon da aka ci bashinsa aka ƙi biya.

Bana shugabanni biyu gare mu, kujera ɗaya.
Dakta Arancibia ya ce ƙuri'ar malamai ta ba shi.
Dakta Villca ta ce ta ɗalibai tata ce,
ta ce akwatin sashen haƙar ma'adinai
ya kwana a bayan wata mota da yunwa, ya tashi da tumbi.
Kotun garinmu ta ce a dakata.
Wata kotun, can Sucre, ta ce wa ya ce a dakata?

Shi ya fita da hatimi a aljihun kwat.
Ita ta rungume littafin rajista ta yi gaba.
Ni aka bari da makullai goma sha ɗaya a igiya guda,
suna kaɗawa a ƙuguna
kamar ƙararrawa a wuyan akuya.

Ran Litinin aka ɗaure babbar ƙofa da sarƙa.
Ran Talata ɗaya ɓangaren ya zo da nasa kwaɗon
ya ɗana a kan na farko.
Kwaɗo kan kwaɗo, kowa ya kulle kowa,
'ya'yan mahaƙa suka tashi nakiya a dandali,
tantabaru suka watse, har yau ba su dawo ba.

Da safe yaron Dakta ya tare ni da ambulan mai kauri.
Da yamma ita da kanta ta riƙe hannuna,
ta ce, 'yar'uwata Fortunata.
Shekara tara tana taka shararta ta wuce,
ashe ta san sunana.
Gaba kura, baya sayaki.
Na ce musu ni tsintsiya na sani.

Amma akwai Nelida.
Daga bakin tafkin gishiri ta zo, leɓɓanta a tsage,
uwarta ta sayar da tumaki talatin ta yi karatun jinya.
Ta gama. Wani asibiti a Tarija na jiran ta zuwa ƙarshen wata.
Takardar da ya buga wa hatimi ba lambar rajista.
Wadda ita ta ba lamba ba hatimi.
Kullum tana zaune a kan matakala,
takardu biyu a cinya, ko ɗaya ba ta cika takarda ba.
Na kan raba mata dankalina biyu.
Jiya ba ta zo ba.
Yau ma.

A majalisar jami'a, in ji su, an yi sa'a bakwai
ana gardama kan wanda ya isa ya kira taron
da zai yanke wanda ya isa ya kira taro.
Shayi ya huce, aka sake dafa wani.
Albashinmu wata uku ke nan,
banki na jiran a gaya masa hannun wa zai yarda da shi.

Asuba nake shiga, ta ƙofar baya
wadda duk iliminsu bai kai su sanin tana nan ba.
In ba shukar bakin taga ruwa,
in goge teburin da ba mai buga shi,
in daidaita hotunan tsofaffin shugabanni,
gemu bayan gemu, duk sun yi shiru.

Yau kwana casa'in da uku ba wanda ya zauna a kujerar.
Da na jawo ta zan kaɗe ƙura,
sai ga kyanwar kicin ta haihu a kai,
'ya'ya huɗu, idanu a rufe, suna laluben nono
a daidai inda fatar ta lotsa.

Na tsaya da tsumma a hannu.
Na kawo mata madara a murfin kwalba,
na ja ƙofa a hankali.
Cikin duk waɗanda suka so kujerar nan
ita kaɗai ce ba ta tambaye ni makulli ba.