Abin da Majo Kanta Ya Sani

Ƙwaya ɗaya, fara, kamar tsabar shinkafa.
Tsahara ta sha, ta koma kasuwar Dole da tallanta.
Ƙanwarta Indo ta sha, ƙafa ta kumbura kamar tulu.
Uwa ɗaya, uba ɗaya.

Na ɗura wa na'urata lissafi:
shekaru, nauyi, awon jini,
har gadon da kakanni suka bari cikin tsatso.
Ta ce duka biyun za su warke.
Ko kunya babu.

Majo Kanta, shekara talatin yana ɗaura ruwa a asibitin Damagaram,
ya leƙo yana murmushi:
"Yaro, tambayi injinka,
wa ke jiƙa sabara da asuba?
Wa ke zabga kanwa a kunu?
Wa ke raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata?"

Na jawo masa kujera.
Yana faɗa, ina shigarwa,
har aka kira magariba a Birni.

Da safe na'ura ta yi jim kan sunan Indo,
sannan ta ce: a rage mata rabi, a duba ƙoda.

Majo bai tanka ba.
Ya tafi wanke hannu.