Suna Arba'in da Ɗaya

Sun ba ni rajista da waya mai tsagaggen gilashi,
suka ce: Hassiya, ga waɗanda suka tashi.
Suna arba'in da ɗaya, kowane da jan biro a gefe,
wato ya shiga ɗakin da ba a leƙe, ya fito da ƙafarsa.
A jijiyarsu akwai dakarun da suka ga fuskar annoba.
Ni aikina in roƙo aro.

Na farko, waya a kashe.
Na biyu, wata mai tuyar ƙosai a Talaje
ta ce ba ta taɓa jin sunan ba.
Ashe da gangan ya sauya lambar ƙarshe,
zazzaɓi na cin sa, amma bai mance da kunya ba.

Arzika na kasuwar Katako ya ɗauka, ya rage murya:
"Madam, ƴan layinmu sun san Tawa na tafi ta'aziyya.
Har tsaraba na sayo a tasha don maganar ta zauna.
In aka gan ni a ƙofarku,
wa zai ƙara karɓar canji daga hannuna?"

Na ce ba jan muke so ba,
ruwan da jan ke iyo a ciki,
rawaya kamar man shanu da ya sha rana.
Inji ya tace, ya mai da maka naka.
Wani dattijo a Bukoki ya yi dariya har tari ya kama shi:
"Abin da ya fita jikina, ya ga duniya,
shi za ku mai do mini?"

Na goma sha bakwai ya yi lissafi.
An ce jaka ɗaya ta jini jaka ɗari biyar ce a ƙetare,
shi ko kuɗin taksi za a ba shi?
Na ashirin ya ce a bari bayan salla.
Na ashirin da uku kuka kawai ta yi, na riƙe wayar,
don wanda maciji ya sara,
ko robar ƙarin ruwa ya gani sai ya ja da baya.

Tsahara kuwa ta zo.
Tun daga Harobanda ta hayo gada a ƙafa,
ta naɗe hannun riga kafin a ce ta zauna.
Likita ya tambayi haihuwa nawa, ta ce shida.
Ya sunkuyar da kai, ya ce ƙa'ida ta hana.
Ta dube ni kamar na kira ta biki na rufe ƙofa.

A sama, gado na huɗu, Mushe Tankari
yana jan numfashi kamar guga daga rijiya mai gaba sittin.
Ƴarsa na zaune ƙarƙashin dogon yaro tun asuba,
duk na gifta sai ta miƙe.
Na koyi zagayawa ta bayan ɗakin wanki.

Na talatin da shida, Nomau mai faci,
bai bari na gama bayani ba.
Ya iso da azahar, baƙin mai a farce,
ya ce, "Tsohon da ke kusa da gadona,
wanda ke ƙirga mini numfashi da dare in na firgita,
ya fita?"
Na duba rajista. Ba ya cikin masu jan biro.
Nomau ya jima yana kallon fanka.
Sannan ya miƙa hannun hagu,
ya ce na dama na aiki ne,
kuma kada a rubuta sunansa jikin leda.

Ledar ta cika a hankali, da ɗumi, launin karan gero.
Na rubuta lamba kawai.
Na hau da ita bene da hannu biyu.

Saura suna biyar.
Kuɗin wayar sun ƙare,
mai sai da kati kuma ya tafi masallaci.