Mai Tamfol da Mai Ƙofa Biyar

Shekara talatin ina wannan gareji
a gindin duwatsun Cévennes.
Farcena baƙi, amma kunnena fes,
na san muryar kowace mota
tun kafin ta zagayo coci.

Ta Anselme Teissier Sitiron ce, 2CV,
silinda biyu rak, iska ke mata fifita,
ba ta san lagireto ba, ba ta roƙon ruwa.
Rufinta tamfol, a naɗe shi kamar tabarma.
In ta sha kwana sai ta kishingiɗa,
ka rantse yau za ta dungura.
Ba ta taɓa ba.

Ta Léontine Rouvière kuwa Reno ce, mai lamba huɗu,
silinda huɗu, ruwa ke sanyaya cikinta,
ƙofa biyar, ta biyar ɗin a baya.
Ta nan take loda cukun awaki,
ranar da ta ɓaci ma, har akuyar.

Kowace Asabar sai sun yi.
A hawan tudun kasuwa Léontine ke wucewa,
ta danna oda sau biyu, don tsokana,
Anselme na baya a giya ta biyu,
injin na tari kamar tsohon mashayin taba.
Ya iso a makare, ya buɗe kwando a gabanta:
ƙwai sittin, ta hanyar gargada,
ko ɗaya bai tsage ba.
Ta ce, ai kasuwa ta fara watsewa.
Ya ce, sauri ya haifi nawa.

Shekarar da ƙanƙara ta toshe hanya
tiyon Reno ya fashe da asuba.
Wa ya zo? Mai tamfol.
Shi ma batirinsa ya mutu,
da hannu ya wana ta har ta tashi.
Léontine ta zauna a gefensa, bargo har haɓa,
sanyi na shigowa ta kowace kafa.
Har suka isa ba ta ce na gode ba,
ta dai ce, wannan ba mota ba ce, laima ce.

Sun sha tsare ni: Firmin, kai ne alƙali,
wacce ta fi?
In ce, wannan ta fi gudu, waccan ta fi tsimin mai,
tsatsa kuwa ba ta bar ko ɗaya ba,
kuma duka biyun ke ciyar da ni.

Bara idon Léontine ya dushe.
Likita ya ce ta ajiye makulli.
Ta kwana uku ba ta leƙo waje ba.

Yanzu ran Asabar mota ɗaya ke hawa tudun.
Reno ce. Anselme ke tuƙi,
ƙwai a baya kusa da cuku,
yana mita cewa kujerar ta yi tauri,
tana cewa, sa giya ta uku mana, tsoho.

Mai tamfol na nan wurina, a inuwa.
Nakan tashe ta jefi-jefi don kada ta yi tsami.
Jiya da suka zo wucewa na ji oda sau biyu.
Na ɗago kai.
Hannun Léontine ne a kai.