Idon Ƙeya

Shekara ashirin da biyu ina jan mota a Jidda,
wuyana ya haddace lungunan Hindawiyya,
don da shi nake yin baya, ba da madubi ba.

Da can akwai Talle.
Yakan dira tun taya ba ta tsaya ba,
ya zaga baya yana dukan bodi da tafi:
zo, zo, ƙara kaɗan, ya isa!
Bugu biyu, in taka burki.
Ba mu taɓa kankare wa kowa bango ba.
Shekarar da iƙamarsa ta ƙare ya koma Gusau,
ya bar ni da ƙeya marar ido.

Sai maigida ya sauya mini mota,
farar bas mai cin mutum goma sha huɗu.
Ya ce, Ilu, wannan tana gani ta baya.
Na ce, to.

Gani kam tana gani, amma sai ka roƙe ta.
Danna nan, shafa can, jira allo ya farka,
rubutu ƙanana kamar sawun kiyashi,
tabarauna yana aljihu,
mai tankar ruwa a bayana yana ta zuba oda.
Da azahar rana ta dira kan allon,
ya koma farin faranti.
Da asuba laimar teku ta rufe idon,
in ga titi kamar ta cikin koko.
Ƙarar gargaɗi kuwa ba ta san leda ba, ba ta san mutum ba,
kyanwa ta gifta, ihu,
kwali ya motsa, ihu,
har kunnena ya koyi ƙyale ta.

Ran Asabar na kai ta wurin Mahjub,
Basudanen nan mai gyaran waya a Kilo Bakwai.
Ya miƙo shayi, ya ce, me kake so ta yi?
Na ce, so nake ta zama Talle.
Ya yi dariya har ya ajiye filaya,
sannan ya ja kujera: gaya mini yadda Talle yake yi.

Awa uku yana ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje.
Ya sa allon ya buɗe da kansa da na sa giyar baya.
Ya ɗaga shi daidai idona, ya yi masa 'yar rumfa.
Maɓalli guda ya kawo gindin babban yatsana.
Idon baya ya sunkuyar da shi ƙasa,
wai abin da ke kashe direba gajere ne.
Layin ja ya yi masa kauri.
Ƙarar ya koya mata haƙuri,
in abu na nesa ta yi shiru,
in ya matso, bugu biyu.
Daga ƙarshe ya ba ni ƙyalle:
wannan ba shi da waya, Alhaji,
goge mata ido kowace safiya.

Ran Alhamis, bayan la'asar,
lungun bayan gidan burodi, inda mota biyu ba sa gaisawa,
na sa giyar baya.
Silifa na fara gani, shuɗi, ƙafa ɗaya,
sannan yaro a tsugune yana ciro ƙwallo daga ƙarƙashina.
Bugu biyu.

Ban san lokacin da na taka ba.
Uwarsa ta fizge shi ko kallona ba ta yi ba,
ni kuwa na zauna, hannuna yana rawa a kan cinya,
har mai burodi ya leƙo ya ce lafiya.

Da dare na aika wa Talle saƙon murya,
na ce, an yi maka magaji.
Ya dawo da nasa, ana jin ƙarar kasuwa a bayansa:
to, tana cinye maka rabin burodi?

Na ce, a'a.
Hira ma ba ta yi a hanyar Makka.