Ɗingishi

Ranar yaye ɗalibai ce a Sheffield,
ruwa na tsiyaya tun asuba, bai da niyyar ɗaukewa.
An yafa mini jar riga mai nauyin bargo,
an kifa mini hula kamar faifai.
Misis Ackroyd ta raɗa mini a kunne:
ɗari bakwai da sha ɗaya ne yau,
ki yi murmushi, ki dubi fuskokinsu.

Ni kuwa ƙafafu nake kallo.

Wannan yaron yana lallaɓa dunduniyar hagu.
Waccan ta taɓa targaɗe, ba a ɗaure da kyau ba.
Ga wani dogo yana jefa gwiwa ciki,
nan da shekara shida zai nemi irina.
Matakala uku ce tsakaninsu da hannuna,
ta ishe ni karatu.

Shekara sha tara na yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
bayan rumfar kekuna,
ina manna 'yan maɓallai masu ƙyalli a ƙwaurin 'yan tsere,
injin gudu na gurnani, kofi na hucewa.
Na san ƙarar agara idan ta tsinke,
kamar an taka busasshen kara.
Na ji ta a ƙafar Bethan Oldroyd
saura kwana tara gasar da ta cinye mata ƙuruciya.
Ta waiwaya tana cewa, wa ya haure ni?
Babu kowa a bayanta.

Kakana maɗori ne a Gumel.
Ba ya fara taɓa inda ake kuka.
Sai ya bi ƙashi da babban yatsa, a hankali,
har ya tsaya can wani wuri da ba a yi zato ba,
ya ce, ga ɓarawon nan.
Duk takardun da na wallafa
wannan maganar ce, na sa mata lambobi.

Yanzu ina hawa na shida.
Tagata na kallon tuddai da tsofaffin maƙeru.
Majinyacina ba shi da cinya, ba shi da sha-raɓa,
sai kasafi, sai majalisa, sai taro a kan taro.
Amma yana ɗingishi, ina gani.
A watan Maris na sa hannu aka rufe sashen harsuna,
malamai sha huɗu, alƙalamina bai ko yi gardama ba.
Suka tsaya a ƙofa cikin sanyi da allunansu,
har da Idwal, wanda muka yi shekaru muna raba shayi.
Bai ɗaga murya ba. Hularsa kawai ya gyara.

Na sha faɗa wa ɗalibai:
idan ka hana gaɓa ɗaya aiki,
wata ce za ta ɗauki kayan, ta yi shiru,
sai ranar da za ta waiwaya tana neman wanda ya haure ta.

Na ɗari bakwai da sha ɗaya ya karɓi takardarsa.
Tafi ya lafa, aka fara naɗe kujeru.
Na sauka ta matakalar baya, takalma a hannu,
mai gadi Desmond ya riƙe mini ƙofa,
ya bi ni da ido har bakin mota.

Farfesa Asabe, in ji shi,
tun yaushe kike jan ƙafar dama?